Ranar Da Gwiwar Gwaggo Ta Yi Shiru

Ni yanzu mantuwa ta yi min yawa. Sai in tashi gida duka da neman carbi alhali yana wuyana. Amma ranar da muka kai garar ƙanwata, wannan ko daga barci aka tashe ni zan faɗe ta daki-daki, har da warin da ke cikinta. Jikokina in sun tashi ba da labarin sai su yi ta ƙara abin da ba a yi ba, shi ya sa da na koyi riƙe biro a makarantar manya na ce bari in rubuta abina da hannuna.

Lokacin garin nan namu Abuja ake ce masa, kafin a zo a ari sunan a tafi da shi a bar mu da Suleja. Muna zaune a unguwar Wambai. Autarmu ta ga wani manomi mai kawo doya kasuwa, ta ce duk duniya shi take so. Mun yi mata faɗan ƙauye har muka gaji, ta ƙi ji, aka ɗaura. Ƙauyen nasu can yake bayan Gauraka da nisa, inda mota ba ta zuwa, keke ma akwai wuraren da shi ke hawa mai shi.

To a shekarar an yi ruwa sau ɗaya mai kyau kafin bikin, mutane suka yi shuka. Ana kai amarya sai sama ta rufe bakinta. Rana ta buɗe, shuka ta fara ƙonewa, ga akuyar uwar mijin ta faɗa rijiya ta mutu. Kun san bakin mutane. Wata mai kawo itace kasuwa ce ta zo ta tsegunta min cewa a can an fara cewa yarinyar farar ƙafa gare ta, tun da ta taka garin alheri ya gudu. Kuma ba wani ya fara faɗa ba, uwar mijin ce da kanta. Har tana ƙarawa da cewa dangin amarya ma sun san abin da suka kawo, shi ya sa gara ta gagare su. Mai itacen ta ce Auta ta ce a gaya wa Yaya, wato ni, don Allah kada a ɗaga ranar kai garar da aka sa, in aka ɗaga ba ta da sauran fuskar fita tsakar gida.

Wanda bai san irin wannan suna ba zai ce wasa ne. Mace in aka liƙa mata farar ƙafa, ko kaza ta yi tari sai a dube ta. Da yawa aurensu a nan yake mutuwa, kuma sunan ya bi su gida na gaba. Sai muka tashi haiƙan. Aka yi alkaki da nakiya da dubulan, aka auna shinkafa, ga man gyaɗa, ga gishiri da sukari, ga daddawa, ga garin kuka da busasshiyar kuɓewa dakakkiya cike da ƙwarya. Matar kafintan da ke haya a gidanmu, 'yar kudu ce Kirista, muna ce mata Madam, ita ma ta kawo gudummawar garin rogo fanteka guda, ta ce kuma da ita za a je. Doguwa ce, ƙaƙƙarfa, Hausarta kuwa kowa namiji ne a bakinta.

Uwa ba ta kai gara, don haka jagorar tafiya Gwaggo ce, yayar babanmu. Gwaggo kuwa tana da wata gwiwa ta hagu da duk unguwa aka sani. In ruwa zai sauka, tun ana gobe take fara yi mata zogi. Mai shanyar gero sai ta aiko a tambayi gwiwar Gwaggo. Mai yaɓen ɗaki haka. Ban taɓa jin ta yi ƙarya ba, kuma Gwaggo na ji da ita fiye da yadda take ji da mu.

Da asuba muna naɗa gammo, maigidana ya fito da wani tamfol da yake rufe kayansa na kasuwa. Ya ce, "Gwaggo, ku tafi da wannan. Zafin da aka kwana da shi ba na banza ba ne."

Gwaggo ta dube shi sama da ƙasa. Ta buga gwiwar da tafin hannu ta ce, "Kai da wannan wa ya girmi wani? Shiru take kamar an yi mata rasuwa. Mayar da tsummanka, kayan da ke kanmu ma sun ishe mu."

Ya naɗe abinsa ya koma ciki. Ni ma har da ni a yi masa dariya, Allah ya jiƙansa.

Muka fita mu shida ko bakwai, da matan unguwa. Dabarar da muka yi ita ce kowa ta sa tsohon zaninta na aikin gida, kayan kwalliya kuma muka ƙulle a ɗankwali muka ɗora bisa kaya. Akwai wani rafi dab da ƙauyen, nan muka shirya za mu tsaya mu wanke ƙafa, mu sa atamfa, mu ja kwalli, mu shiga garin su ga yadda matan birni suke. Ni aka ba ƙwaryar kuka da kuɓewa, an rufe da faifai, don ita ce mara nauyi, wai ina goyon ciki ƙarami.

Abu biyu na lura da su tun kafin mu kai Gauraka. Na ɗaya, wani wari mai shiga hanci yana ta bin mu, irin mai sa ido hawaye. Na ɗauka daga jikin Madam ne, don su ba sa rabuwa da shafe-shafe. Na biyu, Gwaggo da kullum sai an jira ta, yau ita ce a gaba, tana taku kamar budurwa za ta dandali, har tana juyowa tana ce mana ragwaye. Da ina da hankali da na haɗa biyun nan wuri ɗaya. Ban haɗa ba.

Mun sha ruwa wurin masu abinci a Gauraka da hantsi, muka bar titi muka kama 'yar hanya cikin gonaki da duwatsu. Gonakin abin tausayi, dawa ta fito ta kwanta kamar an zuba mata ruwan zafi. Rana ta take. Iska ko ta kaɗa ganye babu, kamar an kife mu da tukunya. Wajen azahar na ga tururuwa sun yi layi suna kwasar ƙwai suna hawa dutse. Na ce, "Gwaggo, kin ga tururuwa na ƙaura."

Ta ce, "Uwar surutu, sai ki bi su ki taya su ɗaukar kaya."

Ba mu yi nisa ba na waiga gabas. Wallahi kamar an shafa wa sama baƙin tukunya. Kafin in buɗe baki wata iska mai sanyi ta doke mu a ƙeya, ta ɗauke faifan da ke kan ƙwaryata, na ga yana juyi a sama yana tafiya, har yau bai dawo ba. Gwaggo ta tsaya tana duban hadarin, tana duban gwiwarta. Ta ce, "Wucewa zai yi. Ba namu ba ne." Ba ta rufe baki ba ɗigon farko ya sauka a goshinta, tas, kamar an jefe ta da goro.

Sai ruwa ya kece. Ba yayyafi, ba sallama. Aka yi wata walƙiya da tsawa da ta sa duk muka durƙusa da kaya a ka. Gwaggo ta fasa ihu, "Ku rufe kwanuka! Aradu ƙyalli take bi! Ku rufe!" Kwallayenmu kuwa sababbi ne, sai sheƙi suke. Da me za a rufe? Tamfol yana gida yana hutawa. Sai kayan kwalliya. Haka muka kwance ƙulli muka lulluɓe kwanuka da atamfofinmu. Wata maƙwabciyarmu tana rufewa tana kuka, wai ko sau ɗaya ba ta ɗaura tata ba, daga wurin tela sai kan alkaki.

Muka yi ta gudu-gudu sauri-sauri, ƙafa na zamewa, har muka samu wani dutse da ya turo baki kamar rumfa. Muna isa kowa ta kutsa kai. Sai na ga wurin ba zai ɗauke mu da kaya ba, ko mu ko su. Na ce, "Ku fito. Kaya ciki, mutane waje."

Mai kukan atamfa ta ce, "Ke wace irin mara imani ce?"

Na ce, "Ke in kin jiƙe kya bushe. Nakiya in ta jiƙe sai dai a ba kaji. Fito."

Muka jera kayan a lungun dutsen, muka tsaya a bakin muka tare feshi da bayanmu, kamar shanu. Gwaggo kaɗai muka tura ciki ta tsuguna tsakanin kwallaye. Ruwa na dukanmu, haƙora na haɗuwa. Gwaggo sai murza gwiwa take tana cewa, "Ban gane ba. Shekara nawa muna tare. Ban gane ba."

Nan ne Madam, baiwar Allah, da zuciya ɗaya, don ta faranta mata rai, ta leƙa ta ce, "Gwaggo, amma man da na ba ka ya yi aiki ko? Yau ƙafa bai yi ciwo ba sam!"

Na ce, "Wane mai?"

Ta ce, "Man zafi mana. Shekaranjiya ya ce min yana tsoron tafiya, ƙafa zai hana shi. Na ba shi gwangwani ɗaya. Na ce kaɗan-kaɗan, safe da yamma."

Duk muka juya muka zuba wa Gwaggo ido. Ta kawar da kai tana gyara wa wata kwalla lulluɓi. Na ce, "Gwaggo, ina gwangwanin?" Ta zaro shi daga lalitarta. Na buɗe. Fes, kamar an lashe. Man da zai yi wata guda ta shafe shi a kwana biyu, duk a gwiwa ɗaya. Wato ta toshe wa gwiwar baki da hannunta, sannan ta tambaye ta labarin ruwa, ta ji shiru, ta kori tamfol.

Na ce, "Gwaggo, ashe cin hanci kika ba ta."

Ta ce, "Rufe min baki, mara kunya. Ni na san man zai shiga har cikin aikinta?"

Ba a yi wa babba dariya a gabansa, amma ranar mun yi. Mai kukan atamfa ta yi dariya har ta zauna a taɓo. Ina jin dariyar ce ma ta hana sanyi kashe mu.

Da ruwan ya tsagaita muka duba ɓarna. Alkaki da nakiya da dubulan lafiya lau, atamfa ta sha duka a madadinsu. Shinkafa sama-sama ta jiƙe. Gishiri ya koma rabi. Sukari ya zama ruwa a gindin kwano. Fantekar Madam kuwa murfin ya tashi sama da kansa, garin rogo ya sha ruwa ya kumbura yana leƙowa ta ko'ina. Dama tun muna gudu take cewa wani yana ƙara mata kaya a ka. Yunwa ga ta, sanyi ga shi. Madam ta tsiyaya ruwan sukarin nan a kai ta ce a ci. Gwaggo ta ce ba a taɓa gara a hanya, kuma ita ba ta cin abincin da bai ga wuta ba. Muka ce to. Muka sa hannu. Can sai ga wani hannu ya fito daga lungun dutse. Gwaggo ta fi kowa ci, kuma da muka gama fantekar tana nan cike kamar ba a taɓa ba.

Saura ƙwaryata. Kuka da kuɓewa sun sha ruwa sun haɗe sun zama miya, miya kuwa mai yauƙin da ban taɓa kaɗa irinta a tukunya ba. Aka ce in zubar. Na ce ba zan zubar ba, ƙwarya nawa muka fito da su, haka za su shiga garin, kada uwar mijin nan ta ce an rage. Na ɗora abata a ka. Duk taku ɗaya sai ta yi tangaɗi ta zubo, ta bi goshi, ta bi wuya, ta gangara baya. In na share da hannu sai ta biyo hannun kamar zare. Ƙudaje suka samu biki.

Da muka iso rafin da za mu yi kwalliya, babu rafi, sai wani jan ruwa yana ta ruri yana tafiya da itatuwa. Nan wasu suka ce a koma Gauraka a kwana, gobe a dawo. Na ce wadda za ta koma ta ajiye kayanta ta koma. Yarinyar nan tun safe take kallon hanya, kuma in rana ta faɗi ba mu shiga ba, gobe ko da raƙumi muka zo an riga an gama da ita. Gwaggo ta ce, "Gara ba ta juyawa. In ta juya, da auren take komawa." Shi ke nan magana ta ƙare.

Madam a bakin kogi aka haife ta. Ta kafa kara a gefen ruwan ta ce mu zauna mu jira. Muka zauna muna kallon kara kamar masu jiran haihuwa. Ruwan tudu ne, yadda ya zo da gaggawa haka ya fara janyewa. Da ya sauka ta shiga da sanda ta gwada, ya kawo mata ƙugu, mu kuma ƙirji. Ita ta yi ta haye da kwallaye ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta durƙusa ta ce, "Gwaggo, hau."

Gwaggo ta ce, "Ni? Goyo? Da jikokina?"

"To zauna nan, kura zai zo ya taya ka hira."

Ta hau. Aka ɗaure ta da zani kamar jaririya. Tun daga wannan gaɓa har waccan tana salati tana zagi, tana cewa in aka yar da ita ba ta yafe ba duniya da lahira. Madam na cewa, "Kai yi shiru, kana motsi!"

Sauran muka riƙe hannu muka shiga a jere. A nan miyata ta nuna hali. Duk wadda ta kama hannuna sai ya sulle. Ta kama damtse, ya sulle. A tsakiyar ruwa ƙafata ta zame, Madam ta cafko ni, na fice daga hannunta kamar tarwaɗa. Sai da ta damƙi gashin kaina ta ja ni gaɓa. Na sha ruwa, na rasa takalmi ɗaya, amma hannuna ɗaya na sama da ƙwarya. Cikin da nake ɗauke da shi kuwa, shi ne babban ɗana, har yau ba ya cin miyar kuɓewa, ban san dalili ba.

A gaɓa muka dubi juna. Tsofaffin zannuwa sun manne a jiki, taɓo har gira, atamfofi sun zama tsumman goge kwano, ni kuma kore shar ina zare. Matan birni ke nan. Gwaggo ta ce, "Ku ɗaga kai. In sun yi dariya kada wadda ta tanka, musamman ke." Ta nuna ni.

Muna doso garin la'asar sakaliya sai muka ji guɗa. Na ce shi ke nan, tun daga nesa sun fara. Sai ga mata sun fito da gudu, su ma a jiƙe, suna tafi suna guɗa, suna karɓar kaya daga kanmu. Maza na can cikin gonaki da fartanya suna ɗaga mana hannu. Wata tsohuwa ta riƙe fuskata da yauƙin da komai tana cewa, "Sannunku da alheri! Gara da ruwa rana ɗaya! Yarinyar nan goshi gare ta!"

Auta ta manta ita amarya ce, ta fito a guje ba lulluɓi tana "Yaya! Yaya!" Ta rungume ni, ta sulle, ta zauna daɓas a ƙasa. Tana zaune tana kuka tana dariya.

Sai ga uwar miji ta fito tana gyara ɗaurin ƙirji. Ta ɗaga Auta da hannunta, ta kaɗe mata zani, ta juya ga jama'a ta ce, "Ina masu cewa ɗiyata farar ƙafa gare ta? A nuna min su in gani!" Na buɗe baki zan nuna mata, Gwaggo ta mintsine ni a cinya, sai dai yatsunta suka zame. Duk da haka na yi shiru, kuma a rayuwata ba a fi sau uku na yi irin wannan shirun ba.

Aka baje gara a tsakar gida ana buɗewa ana guɗa. Alkaki ƙaras, nakiya lafiya. Fantekar Madam aka yi ta mamakin cikarta. Da aka zo kan ƙwaryata uwar miji ta leƙa, ta sa yatsa ta ɗaga, abin ya biyo ta har tsayin hannu. Ta ce, "Ikon Allah, har miya kuka kaɗo mana?"

Na ce, "Iya, a birni haka muke yi. Ba ma wahalar da surukai."

Kafin magariba an hura mana wuta, an ba mu aron zannuwa, muna shan kunu mai zafi. Can sai Gwaggo ta dafe gwiwa ta ce, "Wash! Ku shigar da shanya, ruwa na zuwa." Man ya sake ta. Na ce, "Gwaggo, sannu da zuwa, ai mun riga ki ji." Amma washegari ruwan ya sake sauka kamar yadda ta ce, sai da muka ƙara kwana, kuma mutanen garin suka sallame ta da doya da zabi kamar wata waliyiya. Ba wadda ta yi musu zancen gwangwani.

Auta ta zauna a gidan nan har ta aurar da jikoki, ana kiranta mai goshi. Ni dai na san ruwa na Allah ne, ƙafarta ba ta hana shi ba, goshinta bai kawo shi ba. Da ya ƙara kwana biyu bai sauka ba, da mutanen da suka yi mata guɗa su za su raka ta da tsinuwa. Bakin mutane ya fi hadari saurin juyawa, kuma shi ba ya ko baƙi kafin ya zubo.

Tun daga ranar ba na fita tafiya ba leda a jakata, ko rana na fasa dutse. Jikokina su duba waya su ce, "Kaka, an ce yau babu ruwa." In ce to, in ƙara cusa ledata. Kuma duk wanda zan tambaya gaskiyar wani abu, mutum ne ko gwiwa, sai na fara matsawa kusa na sunsuna, in ji ko an shafa masa mai.